Yaya zan gane kamfanin da ya ƙera bodin tsohuwar Rolls-Royce Silver Wraith?

Tambaya daga Mai Gareji:

Assalamu alaikum. An kawo mini wata tsohuwar Rolls-Royce samfurin Silver Wraith domin gyara, kuma mai ita yana son a mayar da ita kamanninta na asali, sai dai mun rasa sanin kamfanin da ya ƙera bodinta. A dokin ƙofar gaba akwai ramuka biyu na sukuru, alamar an taɓa liƙa wani ɗan faranti a wurin amma an cire. Maganaɗisu ba ya kama ƙofofin, sannan tayoyin baya a rufe suke ruf. Ina neman shawarar masana.

Amsa daga Tsohon Fanal Bita:

Wa alaikumus salam, Malam. Daga 1946 zuwa 1958 da aka yi ta ƙera wannan samfuri a Crewe ta ƙasar Ingila, kamfanin shasi da inji kawai yake sayarwa, sai mai saye ya zaɓi maƙeran da za su ɗora masa bodi, kusan kamar yadda ake kai babbar mota wurin kafintoci a yi mata bodin katako. Fitattu a cikinsu su ne Hooper, H. J. Mulliner, Park Ward, James Young da Freestone & Webb. Maganaɗisun da ya ƙi kamawa yana nuna alminiyam ne, wanda yawancinsu suke shimfiɗawa a kan ƙashin katako, saboda haka wannan bai ware kowa ba. Rufaffun tayoyin baya kuwa, idan layin murfin tayar gaba ya gangaro har ƙarshen mota, to salon Empress ne na Hooper.

Amsa daga Ma'abocin Tsofaffin Motoci:

Ina girmama ra'ayin baba, amma kada Malam ya tsaya ga siffa, domin Freestone & Webb sun yi bodi masu kama da Empress ƙwarai, har wanda ya saba ma yana iya ruɗewa idan hoto kawai ya gani. Hujja tana ga lambar shasi. Ka ɗaga bonet ka duba farantin da ke jikin bangon da ya raba inji da cikin mota, za ka ga haruffa uku da lamba, irin su WTA ko WGC, ko kuma ALW da BLW idan doguwa ce mai tazarar inci 133 tsakanin tayoyin gaba da na baya, wadda aka fara a 1951. Idan an ƙara harafin L a farko, sitiyarinta a hagu aka yi shi tun asali. Ka aika lambar ga ƙungiyar Rolls-Royce Enthusiasts' Club ta masu sha'awar wannan mota da ke Ingila, inda ake samun takardun ƙira na kamfanin, waɗanda ke ɗauke da sunan maƙerin bodi da wanda ya fara sayen motar.

Amma takarda bodin farko kawai ta sani. Akwai motocin da aka sauya wa bodi daga baya, don haka sai ka kwance labulen ƙofa da kujerun baya a hankali, ka nemi lambar bodi da aka buga a katako ko aka rubuta da alli ko fensir a bayan allunan ado, sannan ka gwama ta da abin da takarda ta ce.

Mai Gareji ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri. Na kwance labulen ƙofar direba da yammacin nan, na tarar da lambobi huɗu an rubuta da fensir, ga su kuma an buga a katakon ƙarƙashin kujera. Na hana yara taɓa wurin da sanfefa har sai amsa ta zo daga Ingila.