Idan an yanka maka tara a kan titi

A wata hira da direbobi suka yi kan tarar hanya, abin da suka fi nanatawa shi ne kada ka miƙa wa jami'i kuɗi a hannu. Tarar hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta hanyar Remita, wato tsarin biyan kuɗi na intanet, ake biyanta, a banki ko ta waya, kuma rasit ɗin ne zai karɓo maka lasisinka idan an riƙe shi. Kafin ka bar wurin, duba takardar tarar da kyau: lambar motarka, laifin da aka rubuta, da kwanan wata.

Inda aka ɗan yi gardama shi ne zuwa kotu. Wasu sun ce ɓata lokaci ne, a biya a huta. Tsofaffin hannu kuwa sun ce in ka tabbata ba ka da laifi, ka je gaban majistare, ko da a kotun tafi-da-gidanka ne, riƙe da lasisi, inshora da hoton wurin da aka tsayar da kai. Ina tare da su. Idan alƙali ya tambaya ko ka amsa laifi, faɗi gaskiya a taƙaice, ban da ɗaga murya. Kuma kada ranar zaman ta wuce ka, don kotu na iya sa a kamo ka.