Wa ya taɓa sa wa motarsa babban bakin injekta?

Mai Land Cruiser, Garwa:
Salamu alaikum 'yan uwa. Tawa mai injin 1HD-T ce, lita 4.2, silinda shida da turbo. In na ɗauko kaya, a hawan dutsen Ngaundere sai ta yi ta nishi. An ce in sauya bakin injekta, wato abin da ke fesa gazuwal cikin inji, wanda 'yan Najeriya ke kira nozul, in sa mai manyan huji. Wanda ya gwada ya ba mu labari.

Direba, Kusiri:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ni na gwada, na sha wuya. Mafi girma na saya don zari. Ƙarfi ya ƙaru kam, amma in na taka sai bayana ya yi baƙi ƙirin, 'yan mashin suna zagina. A tsaye tana kakkarwa, gazuwal kuma kamar tanki ya huje. Ban rufa wata huɗu ba fistan ɗaya ya ƙone.

Tsohon makanike, Marwa:
Ɗana, baƙin hayaƙin nan kuɗinka ne ke fita ta salansa. Mai ne da bai samu iskar da za ta ƙone shi ba. Ƙaramin huji yana fesa mai kamar hazo, ya ci wuta nan take. Babba kuwa, in famfon mai bai da matsin da zai tura shi, yayyafi yake yi, ragowar ta wanke jikin silinda ta gangara cikin baƙin mai. Sannan ba faɗin huji kaɗai ake dubawa ba: akwai yawansu, akwai kusurwar feshi, wadda dole ta dace da kwarmin kan fistan. In ta kauce, gefen fistan take dafawa. Masu injin 1HZ kuma kada ku biye wa masu 1HD-T, naku a ƙaramin ɗaki yake fesawa, ba kan fistan kai tsaye ba. Alhaji, kafin ka sayi komai, kai tsofaffin injektocin a ɗora su kan na'urar gwaji. Sau da yawa zuwa-zuwa, wato man da ake sayarwa a bakin hanya, mai ruwa da ƙasa ce ta cinye su, girmansu lafiya lau.

Mai Hilux, Njamena:
Gaskiyar Baba ce. Tawa mai injin 1KD ce, kwamfuta ke sarrafa ta, kowace injekta da lambarta da ake shigarwa. Wani gareji ya ɗaura min injektoci bai shigar da lambobin ba, mako biyu tana ƙwanƙwasa.

Mai ɗaukar auduga, Gidar:
Ni tawa ta yi kyau. Iska na fara gyarawa: na sa mai sanyaya iskar turbo, na sa agogon zafin salansa, sannan na ƙara bakin mataki ɗaya tak. A zafin Afrilu in allura ta doshi digiri 650, sai in sauke giya in ɗaga ƙafa.

Mai Land Cruiser, Garwa:
Na gode. Baba, ranar Litinin zan turo injektocin shida a motar Marwa, ka fara duba min su.