Saɓa ko ɓawo: sunan abin da tirilobayit ya tuɓe ya bari

'Yan uwa masu fassara da malaman kimiyya, kalmar da nake so mu tsayar wa Hausa ita ce exuviae, kalmar Latin da masu nazarin burbushin halittu ke kiran murfin jiki da ƙwaro ko danginsa ya tuɓe ya bari yayin girma. Tana yawan fitowa a rubuce-rubuce kan tirilobayit, halittun teku da suka bayyana kimanin shekaru miliyan 521 da suka wuce, suka ƙare shekaru miliyan 252 da suka wuce. Murfin jikinsu mai tauri ne saboda sinadarin kalsayit, ba ya miƙewa, don haka dole kowanne ya tuɓe shi sau da dama kafin ya gama girma. Shi ya sa akasarin abin da ake tonowa daga duwatsu abin da dabbar ta tuɓe ne, ba ita kanta ba.

Wasu suna rubuta ɓawo, wasu kwasfa, amma a ganina duka biyun sun gaza, domin suna nufin murfin ne ko yana jikin mai shi ko ba ya jikinsa, alhali wannan bambancin shi ne ainihin abin da masani ke nema. Kan yawancin tirilobayit yana da layukan haɗi da ke tsagewa lokacin tuɓewa, sai kumatu biyu na gefe su rabu da tsakiyar kai, dabbar ta fice ta gaba. Saboda haka idan aka sami tsakiyar kai da gangar jiki da wutsiya a haɗe amma babu kumatu, kamar yadda ake yawan gani a nau'in Elrathia kingii na jihar Utah ta Amurka, to dabbar ta bar wurin da ranta. A dangin Phacops kuwa, waɗanda layukan kansu ba sa buɗewa, kan gaba ɗaya ne ke cirewa, a same shi a kife a gaban gangar jiki, yanayin da aka laƙaba wa sunan John William Salter, masanin Ingila na ƙarni na 19. Wanda aka samu ya dunƙule jikinsa cikakke, ko aka ga ƙafafunsa, shi ne ya mutu a wurin.

Kalmar da nake bayarwa ita ce saɓa, wadda muka sani tun a saɓar maciji. Za a iya cewa ta maciji fata ce mai laushi, ta tirilobayit kuwa mai tauri ce, amma kalmar ba ta damu da laushi ko tauri ba, tana nuna cewa mai jiki ya fita ya bar tsohon murfinsa, kuma tana ɗaukar aikin da abin da aikin ya bari: ya yi saɓa, ga saɓarsa. Kishiyarta a wannan fanni na fi son a ce mushe, tunda gawa ta fi dacewa da mutum.

Ɓawo kuma yana da gurbinsa. Idan igiyar ruwa ta tarwatsa sassan har aka tsinci wutsiya ita kaɗai, babu mai iya tantance ko saɓa ce ko mushe, kuma a nan ne ya dace a rubuta guntun ɓawon tirilobayit.