Neman kalma: yaya za a ce kashe tsohuwar gonar alfalfa?

Binta: Salamu alaikum jama'a. Gobe da ƙarfe 9 zan naɗi shirin noma a wani gidan rediyo nan Kaduna. Rahoton daga Amurka yake, kan yadda ake kashe alfalfa da feshi idan ta tsufa, a shuka masara a wurin. Ita alfalfar me zan kira ta? Aikin kuma fa?

Malam Isa: Harawar Turawa. Danginsu ɗaya da wake da gyaɗa, kuma don dabbobi ake nomanta.

Garba: Harawa fa sai an girbe ta bushe, Malam. Wannan da ranta a gona, ana yanka tana sake tohowa shekara da shekaru. Ni na ce dawwamar-harawa. Aikin kuwa kashe gyauro.

Malam Isa: Gyauro daga irin da ya zube yake fitowa. Ita daga gindi take tohowa, saiwarta kuma ta yi nisa cikin ƙasa. Shi ya sa huɗa kaɗai ba ta cika gamawa da ita. Sai a bari ta yi sabon ganye, a fesa maganin ciyawa kamar 2,4-D ko dikamba, maganin ya bi ganyen ya sauka har saiwa. Akwai ma irin alfalfar da Roundup, wani sanannen maganin ciyawa, ba ya yi wa komai.

Baba Audu: Mu da muka yi kiwo a Saudiyya barsim muka sani. Me ya kawo Turawa ciki? Sunan alfalfa ma daga Larabci ya fito.

Garba: Kullum aro, Baba! Sai yaushe Hausa za ta haifi nata? Dawwamar-harawa ba ta da aibu.

Baba Audu: Yaro, je Shika, kusa da Zariya, ka faɗa wa masu binciken dabbobi haka, ka ga ko za su gane. Ku 'yan boko kuna ƙirƙira, makiyayi na can bai san kuna yi ba.

Garba: Da Bakano ne ya kawo ta da tuni an karɓa.

Binta: Don Allah a bar zancen Kano da Zazzau, lokaci na tafiya. Damuwata "maganin ciyawa". Idan na faɗe shi manomi zai ɗauka ciyawar da ta dami shuka ake nufi, alhali shukar ce da kanta ake kashewa.

Malam Isa: Ce "feshe tsohuwar shuka har saiwa". Sunan kuma bar shi alfalfa, ki ƙara da "wata harawa mai sake toho" a karon farko.

Garba: To, a yi hakan gobe. Amma ban janye tawa ba.

Binta: Na gode, Malam. Barsim ɗin Baba ma zan ambata sau ɗaya, saboda waɗanda suka san ta a can.