Wai "an" ɓoye gaskiya take yi a rubutu?

Ɗan Mile 12: Salam jama'a. Na rubuta sanarwar ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa na ce "an ƙara kuɗin shago", sai wani dattijo ya ce wai na rufa wa wasu asiri. Ina laifina don Allah?

Maman Ummi Agege: Baba ya yi gaskiya ai ƙanena. "An" ba ta faɗin wanda ya yi abu, shi ya sa kullum a labarai kake jin an kama, an rushe, an kora, to wa ya yi? In shugabanni ne ka rubuta "shugabanni sun ƙara", kowa ya san inda zai kai kukansa.

Malam na Idi-Araba: Amma fa Hajiya wani lokacin ladabi ne, ko wajen gaida babba kana ce masa "an tashi lafiya?" ba "ka tashi" ba, kuma takardar da za ta je gaban manya ba ka kama suna gatsau.

Ɗan Mile 12: To Malam in na sa "wai an ƙara" fa?

Malam na Idi-Araba: Kai a'a! Da "wai" ta shigo sanarwa ta zama jita-jita, ba wanda zai biya ko kwabo.