Katangun dutse na gonakin inabi a Italiya: halak ne ko ba halak ba?

Ɗan Spezia: Jama'a raina a ɓace yake wallahi. Shekara uku kenan ina gyaran katangun dutse a Cinque Terre, ƙauyuka biyar ne maƙale a jikin tsauni a bakin tekun Italiya, Riomaggiore, Manarola, Corniglia, Vernazza da Monterosso. Gonakin inabinsu hawa-hawa ne kamar matakala kuma abin da ke riƙe ƙasar dutse ne bisa dutse, ko cokali ɗaya na siminti babu. 'Yan yawon buɗe ido su ciko jirgin ƙasa daga La Spezia su ɗau hoto su tafi, matasan gari sun bar noma sun koma ba da hayar ɗaki, katanga na zubewa ba mai ɗagawa sai tsofaffi da irinmu. Jiya wani ya haye wadda na kwana biyu ina jerawa don kawai ya ɗau hoto, ta rufto. Mu masu neman halak da hannu duk kanta ba wanda ya san muna yi.

Malam na Tudu: Halak? Ɗan'uwa inabin me ake yi da shi?

Ɗan Spezia: Giya suke yi Malam, tun 1973 aka ba yankin lambar DOC, wato shaidar hukuma ta tabbatar da asalin giya, ba mai sa sunan wurin a kwalba sai da inabin da aka noma a nan. Amma ni dutse nake jerawa, ban taɓa matsawa ba balle sha.

Malam na Tudu: Mutum goma aka la'anta a kan giya, har da mai matsa ta da mai ɗauka da mai cin kuɗinta. Ka janye kalmar nan.

Maman Yara: To magini na cikin goman ne? Haba Malam, yaron nan uwarsa yake ciyarwa

Ɗan Spezia: Kuma katangar ba inabi kaɗai take riƙewa ba, akwai zaitun akwai lemon tsami akwai gidajen mutane a ƙasa. Ranar 25 ga Oktoba 2011 ruwa ya kwaso laka daga tsauni ya cika titunan Vernazza da Monterosso har aka rasa rayuka.

Ɗan Damagaram: Ni dai tun farko halas ake cewa, halak ai kusa take da halaka, ku Kanawa kun ɓata Hausa

Bakano Zalla: Mu muka ɓata Hausa? Wanda ke cewa lakwal da mushe zai koya mana?

Ɗan Damagaram: Sukul da ticha fa daga kakanka ka gada?

Malam na Tudu: Ku bar wannan. Tambaya ɗaya, lokacin girbi ka taɓa ɗaukar kwandon inabi ko baka taɓa ba?

Ɗan Spezia: Sau ɗaya a Satumba na taya wata tsohuwa ɗora kwanduna kan ɗan jirgin nan mai layin dogo guda da ke hawa tsauni, bayanta ne ya riƙe, ko sisi ban karɓa ba.

Malam na Tudu: To ka ji. Mai ɗauka.

Maman Yara: Inabi ya ɗauka ba giya ba. Ku komai haramun ne in dai ba malaminku ne ya yi ba

Malam na Tudu: Hajiya ki bar sa malamina a ciki, naku da ake kai wa shanu mun yi magana?

Bakano Zalla: Ɗan Spezia don Allah ana samun takardun zama ta aikin nan? Ka duba inbos

Admin: Ya isa haka. Abin da aka tsayar, mafi yawan masu magana sun yarda aikin akwai shubuha kuma shi kansa mai maganar ya amsa ya ɗauki inabi, hujjar Malam ba wanda ya iya turewa. Ɗan Spezia ka nemi wani aikin, Allah Ya musanya maka da mafi alheri. Na rufe maganar.

Maman Yara: Mafi yawa su wa? Mutum ɗaya ne fa Admin