Daga fitowa a fim zuwa ba da umarni: ta ina ake farawa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Shekara shida ke nan ina fitowa a finafinai, yawanci a ƙananan matsayi, kuma yanzu hankalina ya fi karkata ga aikin bayan kyamara. Ina da burin zama darakta, sannan akwai labarai biyu a raina da ban taɓa zama na rubuta su ba. Shin rubutu ya kamata in fara, ko in nemi aikin mataimakin darakta?

Marubuciya:
Wa alaikumus salam. Ka fara da rubutu, domin shi kaɗai ne ba ya jiran kuɗin furodusa ko izinin kowa. Sylvester Stallone bai yi suna ba sai da ya rubuta Rocky da hannunsa, ya kuma ƙi sayar da labarin sai in shi zai fito a jarumi, har fim ɗin ya fita a 1976. Sai dai ka kiyayi cutar da ke kama 'yan wasa idan sun riƙi alƙalami, wato cika takarda da zance, tunda zance suka saba haddacewa. Shafi ɗaya na sikirif, wato rubutaccen labarin fim, kusan minti ɗaya ne a allo, saboda haka matar da za ta iya dangwarar da kofi ta fice ba ta buƙatar layi biyar tana bayanin fushinta.

Tsohon edita:
Ban ƙi ta taki ba, Malama, amma burinsa ba da umarni ne, kuma wannan a ɗakin tacewa ake gane shi. An taɓa kawo mini aikin wani jarumi da ya koma darakta, fitowa ce ta rigima tsakanin mata da miji, an yi wasan da kyau ƙwarai, amma daga nesa kawai ya ɗauka, bai matso da kyamara kan fuskar kowa ba, don haka da na zo yanka wani wuri da ya yi tsawo, sai na rasa hoton da zan rufe gurbin da shi. Ɗan wasa rawarsa kawai yake kallo, shi ya sa bai hango hakan ba. Kada ka yi gaggawa: jarumin Amurka Clint Eastwood ya haura shekara goma a gaban kyamara kafin ya ba da umarnin fim ɗinsa na farko a 1971. Ka zauna kusa da edita, sannan ka karɓi aikin mataimakin, ko da za a ce ka ci baya.

Mai tambaya:
Na gode muku. Zan rubuta gajeren labari na shafi biyar in ɗauka da waya, sannan in tace shi da kaina in ga abin da na manta ban ɗauka ba.